Tarihin Editar da Ta Dawo da Shafi na Huɗu

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya Edita, wadda abokan aikinta suka fi sani da Jan Biro, ranar 9 ga Maris na shekarar 1957, a wani gari da ke bakin layin dogo, cikin ɗakin da ke bayan maɗaba'ar da mahaifinta yake aikin jera haruffan dalma. Mahaifiyarta tela ce mai ɗinkin kayan 'yan makaranta. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma an ruwaito cewa ta iya karanta rubutu a juye, kamar yadda ake jera shi kafin a buga, tun ba ta iya karanta shi a miƙe ba.

Neman ilimi

Ta shiga firamare a 1964, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1971, inda ta kammala a 1976 da sakamako mai kyau a harshe da tarihi, da wani sakamako a lissafi wanda iyalinta suka roƙi a bar shi a rufe. Ba ta samu zuwa jami'a ba, sakamakon ciwon ido da ya zaunar da mahaifinta a wannan shekara, ya zama wajibi ta nemi abin yi.

Fara aiki

A 1977 aka ɗauke ta mai duba kurakurai a jaridar mako-mako da mutanen gari ke kira Ta Laraba, saboda ranar fitowarta. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, da teburi shida da fanka ɗaya da ake rigima a kanta. A nan ta samu laƙabinta, domin duk takardar da ta bi ta hannunta takan dawo jajir da gyaran jan biro, kamar an yanka kaza a kai.

Darajar jaridar tana shafi na huɗu, inda ake buga abin da ya gudana a kotun filaye, tare da kwafin duk sanarwar da aka manna a allon kotun. Daga 1986 wakili ɗaya ne ke wannan aiki, mutumin da ya daɗe a kujerar baya ta kotu har aka manta sunansa, ake ce masa Baba Benci. Kowace Litinin yakan tsaya gaban allon ya kwafe shi kaf da hannu, komai ruwa komai rana.

Aure da 'ya'ya

A 1981 ta auri wani mai gyaran rediyo, wanda har ya tsufa yana ba da labarin cewa ita kaɗai ce macen da ta taɓa mayar wa mutum wasiƙar neman aure da gyara huɗu a ciki. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1982 da 1993. A 1998 aka naɗa ta edita, muƙamin da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta.

Tallafin Kamfani

Daga 2012 masu talla suka fara ƙaura zuwa wayoyin hannu, jaridar ta rame daga shafi goma sha shida zuwa takwas. A 2017 wani babban kamfanin dandalin sada zumunta ya ba ta tallafin shekara biyu, wanda ya ƙunshi kyamarori da albashin ma'aikata, bisa sharaɗin fitar da gajerun bidiyo goma sha biyu kowane mako, a fara ɗora su a dandalinsa, a kuma auna cancantar sabunta tallafin da yawan masu kallo.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa babu inda yarjejeniyar ta ce a rufe shafi na huɗu. Sai dai kotu ba ta yarda a shiga da kyamara, abin da ba a ɗauka ba kuwa ba ya shiga ma'aunin Kamfani. A watan Janairun 2018 Edita ta janye Baba Benci daga kotu, ta ba shi riƙon fitila a wajen ɗaukar bidiyo, labaran kotu suka ɓace daga shafi na huɗu. Ya ce mata, "Edita, ni fa kunne gare ni, ba fuska ba." Ta ce, "Baba, mun ci ladan kuturu, dole mu yi masa aski. Ka daure mini shekara biyu." A wannan shekara bidiyonsu na wata akuya da ta hau bas ya samu masu kallo miliyan biyu, har Kamfani ya aiko da takardar yabo.

Rushe kasuwar katako

A watan Mayun 2018 kotun filaye ta manna sanarwa cewa duk mai haƙƙi a filin kasuwar katako ya bayyana cikin kwana sittin. Babu wanda ya kwafe allon. Wa'adi ya cika ba wanda ya bayyana, a watan Satumba aka rushe shaguna ɗari da arba'in da uku.

Washegari shugaban kafintoci, dattijo ɗan shekara saba'in, ya hau matakalar ofishin da ƙura a kansa. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Edita, shekara talatin ina sayen jaridarki saboda shafi ɗaya tak. Kun nuna mana akuya a bas, ba ku gaya mana za a rushe mu ba." Ba ta kare kanta ba, kuma daga baya ta faɗa da bakinta cewa ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Ranar Laraba 3 ga Oktoba, 2018, ta buga neman afuwa a shafin farko, ta ɗora laifin a kanta ita kaɗai. Ta mayar da Baba Benci kujerarsa, ita kuma, tana da shekara sittin da ɗaya, ta karɓi fitilar ta riƙe har wa'adin yarjejeniya ya cika, domin ba ta saɓa alkawari.

Ƙin sabunta tallafi

A 2019 Kamfani ya yi tayin ƙarin shekara uku, ta ƙi. Ma'aikata uku suka ajiye aiki, kuma ba za a ga laifinsu ba, tunda da iyali a bayansu. Babbar 'yarta ta ce, "Inna, ana ba ki kina turewa, a wannan zamanin?" Ta ce, "Zanen aro ba ya rufe katara, 'yar nan. Na ɗaura na gani."

Daga nan ta shiga bin shago-shago tana neman masu biyan kuɗin jarida duk wata, kuma da kafintocin ta fara, a bakin titin da suka koma rakuɓewa. Wasu sun kore ta, ta koma mako na gaba. Ta kafa ƙa'ida biyu da har yau ake bi: kada abin da ke fitowa daga hannu ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ke riƙe jaridar, kuma kada a karɓi tallafin da mai bayarwa ne zai yanke abin da za a auna aikin da shi. Zuwa 2021 masu biya sun haura dubu uku. A shekarar ne Kamfani ya rufe shirin tallafa wa jaridu da wasiƙa mai layi biyar, jaridu biyu na maƙwabtan garuruwa suka durƙushe. Ba ta yi murna ba, ta ɗauki mutum biyu daga cikin ma'aikatansu.

Shekarun ƙarshe

Baba Benci ya yi ritaya a 2020, ɗanta Auta ya gaji kujerar. Kafintoci sun ɗaukaka ƙara, jaridar ta halarci zama arba'in da ɗaya ba fashi. Ko bayan da ciwon zuciya ya kwantar da ita a 2023, a kan gado take duba shafi na huɗu. Wasiyyar da ta yi wa Auta ita ce, muddin alƙali yana zaune, kada ya tashi daga kujerar nan saboda kowa, har da ita.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar Talata, 14 ga Mayu, 2024, tana da shekara sittin da bakwai, ranar da kotu ta sa don yanke hukuncin kasuwar katako. An yi jana'izarta da hantsi, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tashar jirgin ƙasa.

Ta rasu ta bar mijinta, da jikoki tara, da 'ya'ya huɗu: Babba, ma'aikaciyar jinya, Malam, mai koyar da lissafi, Injiniya, mai aikin ruwa, da Auta, wanda saƙon rasuwar ya same shi alƙali yana tsakiyar karanta hukunci. Ya zauna yana rubutu yana hawaye har aka kai ƙarshe, ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Washegari hukuncin da ya umarci a ba kafintoci sabon fili ya fito cikakke a shafi na huɗu, sanarwar rasuwarta kuma a shafi na bakwai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.