Ranar da Kaka Ta Yi wa Ɓeran Masar Wanka

Jiya da hantsi ina tsaye wajen mai kankana a kasuwar Haɗeja, sai na ji wani ƙara a bayana, kwik-kwik-kwik, kamar ana murza sabon takalmin roba. Tun kafin in waiwaya na san ko mene ne. Ɓerayen Masar ne wani mutum ya kawo sayarwa a keji. Na yi ta kallonsu har mai kankana ya gaji ya ce, "Hajiya, a yanka ko a bari?" Ni kuwa tuni hankalina ya koma gidanmu na ƙauye, can wajen Auyo, lokacin ina 'yar mitsitsiya.

Kada ka ɗauka irin waɗanda ka sani nake nufi, masu gajeren gashi da ake sakewa a madafa. Namu daban suke. Baffa, ƙanen mahaifinmu, yana kai bandar kifi kudu, shi ya dawo mini da guda biyu a kwali, mace da namiji, gashi buzu-buzu har yana jan ƙasa. Idan suka kwanta ba ka gane ina kan ina bayan, sai ka ajiye ɓawon kankana ka ga ɓangaren da ya motsa. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, wata tsohuwa har ta ce ita ba ta yarda dabba ba ce sai ta ga idonta.

Sun tafi da hankalina gaba ɗaya. Me ya sa ba su da wutsiya? Me ya sa bakinsu ba ya hutawa? Da macen ta haihu a tsakiyar damina kuwa, abin ya ƙara ɗaure mini kai. Na saba ganin 'ya'yan ɓera jajaye, makafi, tsirara. Waɗannan da idonsu buɗe suka zo, da gashinsu da haƙoransu, kafin la'asar har sun fara gatsar ciyawa. Na ruga na tambayi Kaka dalili, ta ce, "Ja'ira, su ba su da ungozoma, dole su zo a shirye."

Kaka ita ce mahaifiyar babanmu, ita ce kuma ungozomar garin. Kusan duk wanda ke yawo a unguwarmu a hannunta ya sha wankan farko. Amma a wannan shekarar hannuwanta sun fara rawa. Idan ta ɗebi koko a ludayi, rabi ke isa bakinta. Matan unguwa suka koma haihuwa shiru, sai an gama wanka an shirya jariri sannan a aiko mata da goro. Ina dai ganin yadda take juya goron a hannu ba ta ci.

Ga shi matar Baffa tana da tsohon ciki, kuma ba na fari ba ne balle a ce ta tafi gidan iyayenta. A gidanmu za ta sauka, a gidanmu kuwa babu mai iya ce wa Kaka ta matsa. Wata rana ina tsintar ciyawa kusa da turmi na ji matar Baffa tana yi wa Inna, mahaifiyata, raɗa.

"Yaya, in jaririn ya suɓuce mata fa?"

Inna ta ce, "Allah Ya kiyaye. Amma wa zai faɗa mata? Ni dai ba da bakina ba."

Ana cikin haka kogi ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa, maza suka koma zuwa gona a kwalekwale, tsakar gidanmu ta zama caɓi. 'Ya'yan ɓerayen nan suka yi dumu-dumu da laka. Ƙarangiyar da ke cikin ciyawar da nake yanko musu ta shige gashinsu ta cukurkuɗe shi. Ƙaramin cikinsu ya fi shan wahala: gashin bayansa ya dunƙule ya yi tauri, yana wari, ƙudaje na binsa, ya daina cin komai. Na kai wa Baba kuka, ya ce in haƙura, ɓeran Masar ba a yi masa wanka, ruwa na taɓa shi zai mutu. Haka kowa ya sani a garinmu.

Kaka na jinmu daga ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Kawo shi nan. Ƙyanƙyashe shi aka yi ko haifarsa aka yi?"

Na ce haifarsa aka yi.

"To duk abin da aka haifa yana wankuwa."

Ta jira har rana ta fito sosai, sannan ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inda ya bushe a tsakiyar gida, daidai inda Inna da matar Baffa ke tankaɗe. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai da na girma na gane ba don ɓeran kaɗai ta zaɓi wurin nan ba, so take su gani da idonsu cewa hannunta bai mutu ba.

Na ɗora ruwa, ta surka shi a ƙaramar ƙwarya, ta tsoma gwiwar hannunta, ta ce in ƙara na sanyi. Ta saka ɗan ɓeran a ƙwaryar, ruwan bai wuce cikinsa ba. Ta tallafe ƙirjinsa a tafinta, ta kare masa kunnuwa da yatsu, ta riƙa ɗibar ruwan da hannu tana zuba masa daga wuya zuwa baya, fuskar kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba. Sabulun salo ta lakato ɗan kaɗan, ta murza a tafinta tukuna kafin ta shafa masa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya ƙanƙance da ya jiƙe. Ashe duk girman nan gashi ne, shi kansa bai fi ƙadangare ba. Sai kwik-kwik yake, ita kuma tana lallashinsa da irin muryar da take yi wa jarirai.

Da ta ɗauraye shi ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta tsane shi tas, ta ce sanyi ne ke kashe su, ba ruwa ba. Sannan ta ɗauki matajin katako. Ba daga tushe ta fara ba, daga bakin gashin take warwarewa tana hawa a hankali, tana zare ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen bayan nan da ya ƙi tajuwa ta datse shi da almakashi. Wallahi hannun nan bai yi rawa ba, ko kuma ni ce ban gani ba. Na ga Inna ta daina tankaɗe, ta kalli matar Baffa.

Ka san al'adar ungozomomin wancan lokaci: idan an gama wanka sai a mimmiƙe wa jariri gaɓoɓi, a ɗan cilla shi sama a cafe, wai don ya yi ƙarfin zuciya. Hannun Kaka ya saba da haka shekara da shekaru. Tana ajiye mataji, ba tare da ta yi tunani ba, ta ɗan cilla ɗan ɓeran sama. Ya dawo, ya bi ta tsakanin yatsunta, ya faɗi tim a kan tabarma.

Ya kwanta shiru. Na durƙusa kusa da shi. Can sai ya motsa, ya girgije, ya yi ƙara, ya ruga wajen uwarsa. Kafin magariba yana cin ganyen dankali. Inna da matar Baffa suka sunkuyar da kai suka ci gaba da tankaɗe kamar ba su ga komai ba. Kaka kuwa ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce in zubar da ruwan.

Ba a jima ba matar Baffa ta sauka, namiji, da safe. Aka tafasa ruwa. Inna ta ɗauko jaririn ta nufi Kaka da shi, don haka tsarin yake, mai jegon kuwa ta juyar da fuska bango. Kaka ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta ce a ƙara na sanyi. Sai ta dubi Inna ta ce, "Zauna ki miƙe ƙafafunki. Ke za ki yi." Ta zauna a gefenta tana faɗa mata inda za ta tallafe da yadda za ta kare kunne. Da aka zo wajen cillawa Inna ta ɗago ta kalle ta, Kaka ta ce, "Bar shi. Zai yi zuciya ko ba a cilla shi ba." Daga nan ta fito tsakar gida ta ce in kawo mata mataji da ɓerayena. Ita ta ci gaba da taje su kullum da hantsi, jaririn mutum kuwa ba ta sake wanke ko ɗaya ba har Allah Ya karɓi ranta.

Yanzu a asibiti ake haihuwa, ba wanda ke cilla jariri, 'yata har nuna mini take a waya yadda wasu ke busar da gashin ɓeran Masar da na'ura. Amma idan an dawo gida har yau ana neman mai wankan jariri, kuma a layinmu ni ake aikowa a kira, don a wajen Inna na koya. Ina jin daɗin kiran nan ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na kuma san matan layinmu, suna da kunya, ba za su iya faɗa mini ba ranar da lokacin ajiye aikin ya yi. Roƙona dai Allah Ya sa in riga su gani.