Gwarzon da Kwamfuta Ta Naɗa

A shekarun dubu biyu da 'yan kai na samu aiki a wani kamfanin alawa da biskit. Babban ofishin yana Bompai, kuma a nan ake dafa alawa. Biskit a Sharada ake gasa shi, kwali da leda kuma a Challawa. Sashen kwamfuta na kamfanin gaba ɗaya mutum biyu ne, ni da shugabata, wata mata 'yar Filato da kowa ke kira Anti. Ofishinmu a da siton sukari ne, kuma tururuwa ba su taɓa yarda cewa an canja masa aiki ba.

Tun kafin zuwana Anti ta gina wa ma'aikata shafi. A bakin get ɗin kowace masana'anta an ajiye kwamfuta guda cikin akwatin katako. Ma'aikaci zai buga lambarsa, shafinsa ya buɗe da "Barka da zuwa" a sama, sai hotonsa da sunansa da sashensa da labarin hutunsa. Daga nan ya danna ya duba jadawalin shif, wato lokutan aikin kowa. Abin ya yi kyau, sai dai nauyi. Duk wanda ya taɓa, sai tambayarsa ta taho har Bompai, ta shiga rumbun bayanai, a tono amsa, a mayar masa. Da safe mutum zai buga lamba, ya fita ya sayi ƙosai, ya dawo ya tarar hularsa da goshinsa kawai suka fito.

Wata rana manaja ya kira mu. Mutum ne mai son a ce kamfaninsa ya waye, ga shi da saurin fushi.

Ya ce, "Anti, wannan abin naku tura shi ake yi kamar mota, ko me?"

Ni a lokacin na kwana biyu ina karance-karance a intanet, ina jin kaina. Ban jira Anti ba na ce, "Ranka ya daɗe, kash za mu sa masa."

Ya zabura. "Kash? Me kuma ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace, ranka ya daɗe. Sunan abin ke nan da Turanci."

"Abin da sunansa kash, ni ban ga alheri a tare da shi ba."

Na yi masa bayani. Maimakon a riƙa zuwa rumbun bayanai kowane lokaci, amsar da aka taɓa nema sai a ajiye ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda ɗaukowa ba ya cin lokaci. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ba za ta isa ba, don haka za mu haɗa guda uku su raba ajiyar a tsakaninsu. Kowane abu da aka ajiye ana maƙala masa lakabi, kuma daga lakabin ake gane wace kwamfutar ce ke riƙe da shi. Illarsa ɗaya, da an kashe kwamfuta ta manta komai.

Manaja ya ce, "Kamar direbana ke nan. Ku je ku yi."

Muka tattaro tsofaffin kwamfutoci uku da ofisoshi suka gaji da su, muka kakkaɓe, muka ƙara musu ƙwaƙwalwa. Anti ta raɗa musu suna Babba, Tsakiya da Auta. Biyu suka samu wuri a kan benci. Auta ba ta samu ba, na tura ta ƙarƙashin tebur bayan kwalaye, na jona wayarta a soket ɗin da na gani a kusa.

Shafin namu a kan wani ginannen ƙwarangwal na manhaja yake, wanda masu sana'ar ke kira firamwok. Shi ke karɓar buƙata ya kai ta inda ya dace, mu namu mu cike tsakiya. Yana da fayil guda na saituna, a nan na rubuta adireshin kwamfutocin uku. Yana kuma da wani layi ɗaya tak, wanda in ka ɗora shi a saman shafi, ka ce masa ke nan ya ajiye wannan shafin ɗungurungum. Na ɗora shi a kan jadawalin shif. Na danna, kafin in ɗauke yatsa jadawalin ya fito. Na sake dannawa don daɗi, na kuma sakewa.

Daɗin ne ya ja ni. Na bi duk shafukan ina ɗora musu layin nan, har da shafin da ke nuna hoton mutum da hutunsa.

Anti ta ce, "Ka gwada dai ko?"

Na ce, "Na gwada, Anti. Sau ashirin."

Ban yi ƙarya ba. Sau ashirin na gwada, duk da lambata, kuma sau ashirin na ga fuskata.

Abin da ban lura ba shi ne, da adireshin shafi firamwok ɗin ke yin lakabi, kuma adireshin shafin kowane ma'aikaci iri ɗaya ne. Wanda duk ya fara shiga, shi za a ajiye, kuma shi za a nuna wa duk wanda ya biyo baya, daga Bompai har Challawa. Mu biyu ba mu gani ba, domin ta wata ƙofar daban muke shiga aikinmu na yau da kullum. In an tashi aiki ana kashe wutar ofis, da asuba masu gadi su kunna, kwamfutocin su farka babu komai a kansu.

Wanda ke riga kowa zuwa kuwa wani dattijo ne mutumin Nijar, mai kula da boila, wato babbar tukunyar tururin da ake dafa alawa da ita. Dole ya hura ta kafin kowa ya iso. Baba muke ce masa. Washegari duk ma'aikacin da ya buga lambarsa sai ya ga "Barka da zuwa" da hoton Baba da rawaninsa, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da laifi.

Babu wanda ya kawo ƙara. Jadawalin shif yana fitowa daidai, kuma da sauri. Sai wani a Sharada ya ce ai sabon tsari ne, kamfani ya fara zaɓen gwarzon ma'aikata. Kafin azahar maganar ta zama gaskiya a masana'antu uku. Aka riƙa zuwa ɗakin boila ana yi wa Baba murna. Matan sashen naɗe alawa suka yi masa guɗa. Shi kuma ya karɓa da natsuwa, ya ce ai ya daɗe yana jin a jikinsa.

Sai kuma aka lura da wani abu. Da misalin ƙarfe goma hoton Baba yakan ɓace, wani ya maye gurbinsa, kuma wanda ya maye ɗin shi ne wanda ya fara taɓa kwamfuta a daidai lokacin. Ma'aikata suka raba muƙamin biyu, gwarzon safe da gwarzon hantsi. Na safe an bar wa Baba, don babu mai iya tashinsa. Na hantsi kuwa sai wanda ƙafarsa ta fi. Fomanin Sharada ya rubuto takarda yana cewa bai san abin da ke cikin ruwan famfonsu ba, amma kullum goma saura kwata rabin ma'aikatansa fitsari ke kama su lokaci guda. Ranar Laraba kaɗai ake samun sauƙi, domin ranar hoton Baba ba ya sauka har yamma.

A cikin mako na biyu wani direban tirela, ɗan Jigawa, ya tare ni a bakin get ina sauka daga acaɓa. Ya danƙa mini goro biyu manya.

"Injiniya, a duba mu mana. Kullum Baba, kullum Baba. Mu ba ma aiki ne? Jiya daga Gusau na kwana a hanya."

Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Amma an kira ni injiniya a gaban mutane, kuma ban so a ce akwai abin da ya shige mini duhu. Na gyara wuyan riga na ce, "Ana dubawa. Ka ci gaba da ƙoƙari."

Ya ce, "Na gode, injiniya." Na wuce ina cin goronsa.

Asirin ya tonu ranar da Alhaji mai kamfanin ya kawo ziyara. Manaja ya so ya nuna masa ci gaba, ya kira mu muka tsaya a bayansu a bakin get ɗin Bompai, goma ta ɗan gota. Ya ce, "Alhaji, da sai a yi minti biyar. Yanzu ku duba." Ya buga lambarsa da yatsa ɗaya, ya ja da baya yana murmushi.

Shafin ya fito nan take. Hoton wata mata ce daga sashen kwali na Challawa, 'yar kudancin Kaduna, da ɗankwalinta ja. A ƙasa an rubuta, "An amince da hutun haihuwarki. Allah ya sauke ki lafiya."

Alhaji ya sa tabarau, ya karanta a hankali har ƙarshe. Ya ce, "Amin. Manaja, ai ba ka gaya mana ba."

Manaja ya sake bugawa da ƙarfi. Matar ta sake fitowa. Alhaji ya ce a ba shi wuri, ya buga tasa lambar, wadda ita ce ta ɗaya a kamfanin. Ya duba allon, ya juyo ya dubi manaja.

"Ashe mu biyu ne."

Masu gadi suka shige ɗakinsu suka rufe ƙofa, amma ana jin su. Manaja bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Tun ranar da ka faɗi sunan abin nan na sani."

Muka koma ofis. Anti ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta buɗe fayil, ta bi layi-layi, cikin minti goma ta nuna mini da bayan biro. "Ina lambar ma'aikaci a lakabin nan?"

Na ce babu.

"Da lambar wa ka gwada?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa na wucewa ta kan takalmina.

Muka kira masu gadi suka ba mu labarin gwarzon safe da na hantsi. Na safe mun gane shi. Na hantsi ne ya gagare mu. Me ke goge ajiyar da ƙarfe goma? Na duba saituna, babu goma a ko'ina. Na zargi janareta, aka ce ba a taɓa shi a lokacin. Muka wuni a kai. Washegari da hantsi Anti ta dafe kai ta ce, "Bari in sha shayi, ko kaina zai buɗe." Ta sunkuya ƙarƙashin tebur kamar yadda ta saba, ta zare wata baƙar waya daga soket, ta jona butar lantarkinta.

Ranar an tsayar da injin da ke bayan bangonmu don gyara, ofishin shiru. Sai muka ji wata 'yar fanka a bayan kwalaye tana rage gudu, tana ragewa, har ta tsaya.

Anti ta dubi wayar da ke hannunta. "Wannan ba ta matacciyar firintar nan ba ce?"

"Ta Auta ce, Anti."

"Wa ya jona ta a soket ɗina?"

"Ni ne, Anti."

Shafin ma'aikata a wurin Auta lakabinsa ya faɗa. Kullum Anti ta dafa shayi ta mayar da wayar, Auta ta farka ta manta da Baba. Ranar Laraba kuwa Anti a Challawa take wuni. Ta zauna a kan kwali tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Yesu na! Ashe ni ce hukumar zaɓe."

Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. Muka sa lambar ma'aikaci a cikin lakabi, muka cire labarin hutu daga ajiya gaba ɗaya, muka ja wa Auta waya daga wani bangon. Na gwada da lambobin mutum goma sha biyu, har da ta mai shara. Manaja ya ba ni takardar tuhuma mai shafi biyu, na amsa da shafi uku.

Bayan kwana biyu Baba ya yi sallama a ƙofar ofishinmu. Bai taɓa shigowa ba. Ya tsaya da hannayensa a baya ya ce, "Ɗana, mi na yi muku? An ce yanzu kowa kansa yake gani."

Na ba shi kujera, na faɗa masa gaskiya. Na ce babu wani zaɓe, kuskurena ne, kwamfuta tana riƙe duk wanda ya riga kowa zuwa ne kawai.

Ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Wanda ya riga kowa zuwa."

"E, Baba."

"Kullum."

"Kullum, Baba."

"To ina kuskuren?"

Anti ta ajiye kofinta ta ce, "Baba, babu." Ta juyo gare ni. "Buɗe shafinsa ka buga masa a takarda, mai kala."

Baba ya ce dama ya riga ya aika gida an gaya wa iyali, kuma ƙaninsa ya ce sai ya gani da idonsa. Na buga, na kai wani shago a Hotoro aka rufe ta da leda mai ƙarfi, na kawo masa ɗakin boila da yamma. Ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓa, ya matsa kusa da taga ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Takarda ta yi. Amma wanga hoto, ranar haƙori ke mini ciwo. Gobe zan zo da farar riga, ka zo da abin ɗauka."