Likitan da Na Daɗe Ina Nema

Da ƙiba ta hana ni sujada, na ƙudura sai an yi mini aikin rage tumbi. Amma duk likitan da na ambata, matan unguwarmu ta Mahjar sai sun kushe shi: wannan yaro ne, wancan a jikin mutane yake koyon yanka. Shekara na bin shekara, har na samu wani dattijon likita a unguwar Safa wanda kowa ya yaba hannunsa. Ya auna ni, ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya. Zuciyarki ba za ta ɗauki aikin ba yanzu. Ina kika tsaya?"

Wajen masu bakin tsiya na tsaya. Su suna kai goshi ƙasa. Ni har yau a kan kujera nake salla.