Na-Ba-Ka da Daron Goggo

Gari bai gama wayewa ba Na-Ba-Ka zai kama tsani ya hau rufin benensa. Can zai zauna a kujerar roba da ya ɗaure wa ƙafa da waya, ya rataya abin sauraro a kunne, ya riƙa juya sandar eriya a hankali. Cewa yake sanyin safiya ne ke kai murya nesa. Mu maƙwabtansa dai ba abin da muke ji sai shuuu, sai kuma muryarsa: "Akwai mai ji na? Na ba ka."

Daga nan sunan ya samo asali. A irin rediyonsu mutum biyu ba sa magana lokaci ɗaya. In ka gama taka sai ka ce "na ba ka", ka saki maɓalli, ka saurara. Kalmar ta bi shi har tsakar gida. Ko ruwan wanka zai nema wajen mai ɗakinsa, wadda duk unguwa ke kira Goggo, sai ya rufe da "na ba ka".

"Ka ba ni me?" take cewa. "Ni darona nake so ka ba ni."

Daron nan yana da tarihi. Na-Ba-Ka tsohon malamin gyaran lantarki ne, kuma tun kafin ya yi ritaya ya kamu da son wani zangon rediyo mai tafiya a miƙe, wanda sai an tattara shi da ƙaton faranti. Ya duba kasuwa bai samu ba, ya duba gida ya ga daron wankin da mahaifiyar Goggo ta bar mata. Ya huda tsakiyarsa, ya kafa shi a kan rufi. Shekara da shekaru ke nan, kuma ba a yi ranar da Goggo ta fasa tambaya ba. Bayan daro kuma, sai ya koma aika murya ta haske: jar fitila da gilashin ƙara girma, ya ɗora muryarsa a kai, ta ƙetare kogi zuwa kan dutse inda amininsa Mai Agogo yake zaune da irin nasa tarkacen.

Unguwar nan kuwa ba abin da ba ta ɗora masa ba. Talabijin ta yi yayyafi, shi ne. Tsawa ta faɗi, ƙarafunansa ne suka kira ta. Har an taɓa kai ƙararsa wai leƙen asiri yake yi, da daron wanki! Amma shekarar da ambaliya ta cinye gada, wayoyi suka mutu, su waye suka yi layi a gindin tsaninsa? Su ɗin ne dai. Ta bakinsa mai naƙuda ta sami kwalekwale, ta bakinsa aka ji waɗanda ke ƙetare suna raye. Sabis na dawowa aka koma kiransa mai surutu da iska. Wannan butulcin har yau yana ci mini rai.

Sai dai shi ma yana da nasa abin haushin. Duk shekara masu irin wannan rediyo suna gasa, daga safe zuwa la'asar: wanda ya gaisa da tashoshi mafi yawa kuma mafi nisa shi ya ci. Ƙa'idarsu ita ce ba a ƙirga gaisuwa sai kowa ya ji lambar tashar ɗan'uwansa da kunnensa. Na-Ba-Ka bai taɓa ci ba. Wasu na wawure muryoyi masu ƙarfi, shi kuwa da ya tsinci wata 'yar murya tana nutsewa cikin shuuu sai ya zauna mata, har sai ya ciro ta.

Bana kunnensa ya soma nauyi, ƙafarsa kuma ta zame a tsani. Babban ɗansa ya yanke hukunci: "Baba, wannan ce gasar ƙarshe. Kashegari zan sauke komai." Sai ga shi ranar gasar iska ta yi masa kara. Tashoshi suka yi ta faɗowa daron nan daga wuraren da bai taɓa kaiwa ba, abokan hamayyarsa da kansu suna gaya masa shi ne a gaba. Muka cika rufin, ya cire abin kunne ya saki lasifika don mu ji. Saura kaɗan a tashi wata murya ta shigo, a karye, tana jan harshe.

Mai Agogo ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai sake taɓa rediyo ba, iyalinsa ma da ishara yake yi musu magana. Ya yi ta fama da lambar tasharsa har ya kai ƙarshe da ƙyar. Mu duka mun ji.

"Ban ji ba," in ji Na-Ba-Ka. "Maimaita, aminina. Na ba ka."

"Baba, ai ka san lambarsa da ka!" ɗan ya ce. "Ka wuce, lokaci na tafiya."

"Sani daban, ji daban. Ku kuka ji."

Goggo ta riƙe baki. Ga tashoshi na nesa suna ta kiransa, ga maki na zubewa, shi kuwa ya manna kunne a lasifika yana cewa "maimaita". Wallahi ji na yi kamar in fizge makirufon. Mai Agogo ya maimaita, ya sake maimaitawa, kowane karo harshen na ɗan warwarewa, har ya faɗe ta tiryan-tiryan, ya ɗora da "na ba ka". Na-Ba-Ka ya ɗago ido jajur ya ce, "Yanzu na ji ka." La'asar ta riga ta yi, wani ya wuce shi.

Kashegari ɗan ya zo da sifana. Sai ya tarar da Goggo zaune a matakin farko na tsani.

"Daron wa za ka sauke? Naka ne?" Ta juya ga mijinta. "Malam, na ba ka."

"Me kika ce?"

"Na ce na ba ka! Daron!"

Ɗan ya ajiye sifana, ya tafi neman mai walda ya yi wa tsanin mariƙi.

Kai ne, Na-Ba-Ka, mai taurin kan da ya hana ka kofi, kai ne ba ka taɓa cewa ka ji abin da ba ka ji ba. Ka ba mu haushi, mun ba ka wanda ya fi shi, ba ka rama ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma da muke katse juna tun magana ba ta kai rabi ba, mu koyi sakin maɓalli mu jira mai ƙaramar murya ya gama. Matar Mai Agogo ta aiko cewa yanzu kullum da safe sai an kai shi gaban rediyo, kuma ya ishe su da surutu.