Taya Shida Gaban Tarakta

A bakin wani gareji a Giza ta ƙasar Masar, cikin sanyin Janairu, ɗalibi Imrana ya ja ya tsaya yana kallon wani tsohon maigadi. Jallabiyarsa duk busasshen siminti, da alama da hannunsa ya yi sabon daɓen da ke ƙofar garejin. Tarakta mai ƙafar sarƙa tana shigowa, shi kuwa tsofaffin tayoyi shida kacal gare shi. Yana shimfiɗa mata, tana takawa, yana ɗauko na baya yana rugawa gaba. Sawu goma sha ɗaya Imrana ya ƙirga! Direban, sa'an jikan tsohon, sai danna hon yake: "Yalla ya Hajj!" wato "Yi sauri, Alhaji!" Haba, ko ɗan birki? Tsohon yana haki, ya ci gaba da jera tayoyinsa. Har taraktar ta tsaya, sarƙa ba ta taɓa daɓensa ba.