Na Baya Shi Kaɗai a Dandamali

Ƙanin matata ne, kuma ni na kai shi gidan wasan nan shekara ashirin da uku da suka wuce. Ni aikina jan labule da sharar dandamali. Shi kuwa rawa yake yi a ƙungiyar gidan, a layin ƙarshe kusa da bango, shi ya sa kowa ke ce masa Na Baya. Mutum ne da sai ku wuni tare bai yi magana goma ba. In an tashi hutu, 'yan rawa na hira suna shewa, shi yana kan akwatin kayan wasa bayan labule yana ɗaure igiyar takalminsa da ba ta kwance ba. Mai Tsalle, wanda ke jan gaba a kowace rawa, yakan ce bango biyu gare mu a gidan nan, ɗaya na siminti, ɗaya mai shan shayi.

Bara aka kawo sabuwar shugaba. Ta tara mu ta ce 'yan rawa goma sha huɗu sun yi yawa, takwas za a bari. Kowa zai hau dandamali shi kaɗai ya yi rawa gaban kwamiti, sannan ya faɗi dalilin da zai sa a bar shi. Na Baya bai taɓa tsayawa gaban mutane ba tare da bayan wani a gabansa ba. 'Ya'yansa huɗu, kuma ba shi da wata sana'ar.

Kwana shida yana zuwa aiki ba ya iya cin abinci. Yayarsa, wato matata, ta ce in koya masa abin da zai faɗa. Na ce mata ai ni ma ɗin ba gwanin magana ba ne.

Ranar Laraba da hantsi aka fara. Mutum uku a kujerun gaba, shugaba a tsakiya da biro. Na Baya ne na goma sha ɗaya. Da makaɗi ya tambaye shi wace rawa zai yi, sai ya ambaci wadda suka fi yi, ya taka ya je can wurinsa na kullum kusa da bango, ya bar tsakiyar dandamali fayau.

Aka fara kiɗa. Ƙafarsa ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Can sai ya tsaya cak, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu biyu a miƙe gaba. Nan take na gane abin da ya yi. Bai shirya wata rawa ta kansa ba, rabonsa na cikin rawar ƙungiya yake yi, daidai yadda yake. A wurin nan yakan tsaya tsawon bugun ganga goma sha shida yana jiran na gaba su gitta, kafin Mai Tsalle ya faɗo masa ta baya ya cafe shi. 'Yan kwamiti ba su san haka ba. Abin da suke gani, ga babban mutum ya daskare yana miƙa wa iska hannu. Ɗaya ya duba agogo. Shugaba ta ɗaga biro ta ce ya isa haka, an gode.

Makaɗi ya sassauta. Na Baya bai sauke hannu ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ina riƙe da igiyar labule, na rasa ko in ja.

Sai Mai Tsalle ya taso daga benci, ko takalmi bai sa ba, ya ce wa makaɗi ya koma bugu takwas baya. Ya hau, ya yi gudu, ya juya, ya saki jikinsa ta baya bai ko waiga ba. Na Baya ya cafe shi tun kansa bai kai ƙasa ba, ya tsayar da shi.

"Ranki ya daɗe," in ji Mai Tsalle yana haki, "ƙugu ɗaya Allah ya ba ni. In kun sallami wannan kurman, ku nemo wanda zai riƙa faɗuwa a kan katako a madadina."

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta ce ba shi ta tambaya ba, ta juya ga Na Baya ta ce saura dalilinsa. Ya kalli yatsun ƙafarsa, na ji kamar in amsa a madadinsa.

"Ban taɓa yar da kowa ba," ya ce.

Ta yi rubutu, ta yi ƙus-ƙus da na damanta, sannan ta ce an ba shi wata shida, bayan nan a sake dubawa.

Ya sauko ya zo bayan labule ya ce, "Yaya, ruwa." Na miƙa masa kofi, rabi ya zube a rigarsa. Da yamma yayarsa ta tare shi a ƙofar gida tana tambayar yadda aka ƙare, ya ce mata an yi, ya tambaya ko akwai sauran abincin rana.