Takalmi Mai Taya Daga Gwanjo

Shekarar da na gama sakandare aka kai ni Samaru wajen yayata, in riƙa taya ta zama. Ma'aikaciya ce a jami'a, in ta fita da safe sai la'asar. Ni da rediyo muke wuni. Ban san kowa ba a layinmu, wayar hannu kuwa lokacin sai wane da wane.

Wata Asabar na raka Yaya ofis. A can na fara ganinsu, 'yan mata ɗalibai a filin ajiye motoci, sanye da takalmi mai taya, tayoyin a jere ɗaya bayan ɗaya. Suna zagayawa suna dariya, rabi Hausa rabi Turanci, mayafi ɗaure a ƙugu. Daga nesa na tsaya. Na sa a raina in na iya abin nan zan shiga cikinsu, ba sai na yi wa kowa bayanin ko ni wace ce ba.

Na hau bas zuwa Sabon Gari, layin 'yan gwanjo. Na sha tambaya kafin aka nuna mini rumfar wata Madam, 'yar kudu haifaffiyar unguwar Muchia, Hausa a bakinta kamar tawa. Ta zazzage buhu. Kala biyu ne suka yi mini daidai, ruwan hoda da baƙi, zuciyata kuma na kan ruwan hodan. Amma Innarmu ta koya mana sayen gwanjo: a haɗa ƙafa biyun a duba, in ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta a ajiye. Na juya ruwan hodan. Ƙafar dama na da wata roba mai kauri a dunduniya, ta hagu babu.

Madam ta karɓa ta jujjuya, ta ce lallai ta hagun cirewa ta yi a cikin dilar da aka ɗauro kayan.

"Ƙanwata, kina da ido. Ɗauki baƙin, shi ba abin da ya ɓace masa."

Baƙin duk ƙafa biyun ba roba. Na gwada a gaban rumfa, cikin yashi, tana riƙe da hannuna. Tayoyin ko motsi ba su yi ba. Ta ce ai har na iya. Na biya na tafi da shi.

Ban so ɗaliban su ga koyona. Na zaɓi layin bayan gidanmu mai sabuwar kwalta, da hantsi, bayan kowa ya tafi aiki. Kullum nake binsa da ƙafa, ban taɓa lura gangare ne ba, kuma babban titi yake faɗawa.

Na miƙe na saki bango. Da farko har daɗi na ji. Sai gidaje suka fara wucewa da sauri. Na so in tsaya, ba abin da zan taka. Tirela ta taho a titi tana hon, direban ya leƙo yana ɗaga hannu. Ban san lokacin da na jefa kaina cikin kwata ba. Iskar motar sai da ta ɗaga mini hijabi.

Na daɗe a ciki ina salati. Ba wanda ya gani sai wani dattijo mai rake, ya tsaya gefe yana ta sannu, ya rasa ko ya kama ni. Da hannu ɗaya na kwance takalmin, na koma gida da safa. Tsintsiyar hannu ce ta karye. Yaya ta kai ni wajen mai ɗori, ta yi faɗa a hanya, da muka dawo ta yi kuka. Har yau in mota ta yi hon a bayana sai na nemi abin dafawa.

Da hannun ya ɗan yi sauƙi na sake raka ta ofis. Ranar na matsa har jikin shingen filin. Wata doguwa ta taho da gudu, ta ɗaga yatsun ƙafarta ta dama, robar dunduniya ta gogi ƙasa, ta tsaya cak a gabana. Ashe birki ne. Na dubi sauran, kowaccensu ƙafa ɗaya ce kawai mai roba.

"Sannu, 'yar'uwa. Me ya same ki a hannu?"

Na ce faɗuwa na yi.

"Ayya. Allah ya sauwaƙe."

Wata ta kira ta daga can, ta juya ta tafi. Na tsaya a wurin har Yaya ta fito.